Wa ke riƙe da alƙalamin resilin?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Idan ka taɓa bi ta Bauchi Road da sassafe, lokacin da sanyin Jos ke ratsa ƙashi, ka tarar teburin mai shayi ya cika da samari idanu jajur ana ta ɗaga murya, kada ka yi saurin cewa siyasa ce. Wata rana ko ƙwallo ba ce. Resilin aka kwana ana kallo. Manyan wasannin da yamma ake yin su a Amurka, mu kuma nan sai dare ya raba suke farawa, wani ma sai gab da assalatu ake tashi. Da an idar da salla sai a nufi wajen mai shayi, a ɗora daga inda aka tsaya.

Duk inda ake wannan musu kuma ba a rasa dattijo ɗaya a ƙarshen benci, yana kurɓar shayinsa, ya ce: "Ku yara, me kuke tayar da jijiyar wuya a kai? Abin nan fa shiri ne." Sai wani ya ce masa: "Baba, ai mun sani. Shi ya sa muke musun."

A kan wannan amsa za mu yi magana yau.

A fagen dambe, idan aka kashe ɗan wasanka, ba ka da wanda za ka kama. Hannu ne ya fi hannu, sai ka haɗiye. A resilin kuwa akwai mutum a bayan labule wanda tun kafin a kaɗa ƙararrawa ya riga ya yanke wa zai tashi da nasara, ta wace hanya, a minti na nawa. Shekara da shekaru Vince McMahon ne ke da wannan alƙalami a kamfanin WWE. Daga watan Yulin 2022 ya koma hannun surukinsa, Triple H. Ka ga ke nan mai kallo yana da wanda zai tuhuma, har da suna.

Kamfanin ma bai ɓoye ba. Tun 1989 suka shaida wa 'yan majalisar jihar New Jersey cewa sana'arsu nishaɗi ce, don su kuɓuta daga sa idon hukumar wasanni. Amma fa duka na nan daram. Ku kalli wannan da ke kan allo: 1998 ne, Undertaker, wanda mu nan muke kira Andateka, ya jefo Mick Foley daga saman keji ya faɗo kan tebur. An tsara faɗuwar, amma ƙashin da ya sauka na Foley ne.

To yaya ake tsarin? Duk wanda ya taso yana shiga gidan kallo ya san akta ya san bos. Haka yake a nan. Ana ɗauko mutum biyu a ƙulla musu gaba: wannan ya ci amanar wancan, ko ya far masa ta baya, ko ya taɓa masa iyali. Mako bayan mako ana hura wutar, ana hana su haɗuwa sosai, har mai kallo ya ƙagu. Ni abin da nake kiran wannan shi ne cin bashi. Duk daren da ka hana idonka barci kana bin labarin, kamfani ya ci bashinka. Ƙarshen wasa shi ne ranar biya.

Hanyoyin biyan kuma sun bambanta. Akwai kaye mai tsabta: a danne kafaɗun mutum, alƙalin wasa ya buga ɗaya, biyu, uku, ko a murɗe shi har ya sallama. Akwai na ƙazanta, inda alƙali zai faɗi kamar ya suma, yaran bos su shigo da kujera. Sannan akwai wata ƙa'ida da mai tsara wasa ke ji da ita: a mafi yawan wasanni, idan aka kori mai kambu saboda ya karya doka, ko aka ƙirga masa goma yana wajen igiya, ya sha kaye amma kambunsa na nan. Da wannan ake ba ka rabin kuɗinka a ce ka dawo wata mai zuwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Mu fara da babbar rigimar, wadda har yau in an tayar da ita a Dilimi ko Unguwar Rogo sai shayi ya huce.

Ranar 6 ga Afrilu 2014, WrestleMania ta 30, wato babban bikin WWE na shekara-shekara, birnin New Orleans. Andateka ya shiga wannan biki sau 21, ya ci 21. Shawn Michaels ya gwada sau biyu a jere, ya kasa. Triple H ya gwada sau uku. An kai matsayin da mutane ba sa tambayar wa zai ci, sai dai yaya zai ci. Sai ga Brock Lesnar ya ɗaga shi ya maka da ƙasa karo na uku, alƙali ya buga uku. Ku dubi fuskokin mutanen nan. Ba wanda ya yi ihu. Wasu sun ɗauka alƙalin ne ya yi kuskure, sai da aka haska 21 da 1 a babban allo.

Masu musu a nan kashi uku ne, kuma na zauna da kowanne. Na farko suna cewa wannan tarihi bai kamata a taɓa shi ba sam, a bar mutumin ya yi ritaya da abinsa. Na biyu suka ce a'a, a wannan sana'a tsoho ba ya tafiya da sunansa, yakan bar wa na baya, wato ya yarda a kayar da shi don wani ya ɗaukaka. Na uku, kuma su ne suka fi zafi, sun yarda a karya, amma me ya sa Lesnar? Mutumin da ya riga ya riƙe kambun UFC, inda ake duka ba shiri, me wannan nasara za ta ƙara masa? Kamar ka kai wa mai rijiya kyautar ruwa ne. Da an ba wani matashi, da an yi sabon tauraro a dare ɗaya.

Ni dai a nan ina ganin kamfanin bai yi asara ba, kuma ga dalilina. Andateka yana da shekara 49 a lokacin, a wannan wasan ma ya bugu a ka har aka kai shi asibiti. Jira ya fara zama kasada. Sannan duk matashin da aka ɗora wa wannan kaya, tsanar mutane za ta iya murƙushe shi. Mun gani ai: da Roman Reigns ya kayar da Andateka a 2017, washegari ya tsaya a tsakiyar dandamali, jama'a suka yi ta yi masa "ba ma yi" na tsawon mintuna bai samu bakin magana ba. Lesnar kuwa ko a jikinsa. Wata huɗu bayan ya kayar da Andateka ya yi wa John Cena fata-fata ya karɓe kambu, ya zama dodon da kowa ke son ganin wa zai iya da shi. An ci moriyar abin, ko da ba a so.

Abin mamaki, a daren WrestleMania ta 30 ɗin dai aka ga ƙarfin masu kallo. A watan Janairun shekarar, kamfani ya ba Batista nasara a Royal Rumble, wasan nan na mutum 30 da wanda ya ci ke samun damar neman kambu a WrestleMania, alhali jama'a Daniel Bryan suke so, kuma ko saka shi ba a yi ba. Rey Mysterio da ya fito na 30, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ya sha ihun. Ihu ya ƙi ƙarewa har sai da aka sauya labari. A WrestleMania ɗin Bryan ya doke Triple H a wasan farko, ya dawo a na ƙarshe ya ɗauke kambu a gaban Batista da Randy Orton. Shi ya sa in ka ce wa mai kallon resilin surutunsa banza ne, zai kawo maka wannan.

Yanzu mu koma kan ƙa'idar nan da na ce ku riƙe. A 1977, a zauren Madison Square Garden da ke New York, Dusty Rhodes ya ci mai riƙe da babban kambun kamfanin, Superstar Billy Graham, amma ta ƙirgen goma. Ya ɗaga kambun, aka karɓe. Har ya rasu a 2015 bai riƙe wannan kambu ba. Ɗansa Cody ya dawo WWE a 2022 ya ce ya zo karɓar abin da ya kuɓuce wa mahaifinsa. Ka ji bashi mai shekara 45. Ya yi wasa da tsokar ƙirji a yage, ya yi jinya, ya dawo ya ci Royal Rumble ta 2023. Kowa ya shirya biki. Sai a WrestleMania ta 39 Solo Sikoa, yaron mai kambu Roman Reigns, ya lallaɓo ya doke shi da babban yatsa a maƙogwaro, Roman ya danne, uku.

Ranar na ga wani mai gyaran waya a Terminus, ko gaisuwa ba ya amsawa da kyau. "Maigida lafiya?" Ya ce: "Ina lafiya, an kwana ana raina mana hankali."

Masu kare kamfani suka ce a yi haƙuri, labari bai ƙare ba. Masu suka suka ce ƙarfe da zafinsa ake dukansa, in ya huce shi ke nan. Shekara ta zagayo, Cody ya sake cin Royal Rumble, sai kwatsam aka nuna The Rock zai karɓe masa wasan. Intanet ta kama da wuta, cikin kwanaki kamfani ya janye, aka mayar da The Rock ɗin bos. Ranar 7 ga Afrilu 2024 a Philadelphia, Cody ya kayar da Roman, wanda ya kwana 1,316 da kambu a hannu. Cena ya shigo, Andateka ma ya ɓullo. An biya bashin har da gyara. To amma ku lura, masu cewa "kun gani, dama tsari ne" sun manta cewa ba don ihun mutane ba, da wani wasan daban aka kalla. Haƙurin ya biya, amma da ƙyar aka sha.

Sai wadda ni ban yafe ba.

Kofi Kingston, haifaffen Ghana. Shekara 11 yana cikin kamfanin, kullum a tsakiyar layi. A Fabrairun 2019 Mustafa Ali ya ji rauni, aka ce Kofi ya cike gurbi. Ya shiga ya yi kusan awa guda yana fafatawa da mutane ɗaya bayan ɗaya, jama'a suka tsaya masa. Ba shi ne a cikin tsari ba, masu kallo ne suka tura shi. A WrestleMania ta 35 ya doke Daniel Bryan, ya zama haifaffen Afirka na farko da ya riƙe babban kambun WWE. Ku da kuka kalla a nan kun san yadda aka ji. Har wanda bai damu da resilin ba sai da ya tambaya, wai ɗan Ghana ne da gaske?

Wata shida ya riƙe. Ranar 4 ga Oktoba 2019, daren da shirin SmackDown ya koma tashar Fox, aka haɗa shi da Lesnar. Ƙararrawa ta kaɗa, Kofi ya yi tsalle, Lesnar ya cafe shi ya maka, uku. Ko daƙiƙa 10 ba a yi ba. Wanda ya sunkuya ɗaukar kofin shayi bai ga wasan ba.

Ba wanda ya ce Kofi ya fi ƙarfin Lesnar. Kaye ba abin kunya ba ne a wannan sana'a, a bar mutum dai ya nuna ya yi. A ba shi minti 10, ya faɗi ya tashi, ya ba dodon tsoro sau ɗaya, sannan a danne shi. Daniel Bryan da AJ Styles duk ba su fi shi girman jiki sosai ba, kuma duk an ba su wannan dama a gaban Lesnar. To me aka yi gaggawar? Don a samu lokacin fito da Cain Velasquez, wanda ya taɓa doke Lesnar a UFC a 2010. Aka kai wasan nasu Riyad a ƙarshen watan, ya ƙare cikin 'yan mintuna kaɗan, bayan wata shida kuma aka sallami Velasquez ɗin daga kamfani. Kofi bai samu ramuwa da Lesnar ba, labarin ma ba a nuna abin ya dame shi ba. Wannan ba biya, ba alƙawarin biya, kawai aka yage takardar.

Shi ya sa in an ga namu sun fito, irin su Omos ɗan Legas, ko Apollo Crews da ya ɗauki kambun Intercontinental a 2021, ko Oba Femi da ya mamaye NXT, sashen masu tasowa na WWE, murnar ba ta cika ba sai an haɗa da tambaya: yaya za su yi da shi? Wani ya ce a yi sauri a kai Oba Femi sama tun ana yayinsa. Wani ya ce a bi a hankali, kada a yi masa irin ta Kofi.

Shi kuwa dattijon nan na ƙarshen benci, da aka zo kan zancen Kofi sai ya ajiye kofi. Ya ce: "Wannan yaron na Ghana? Daƙiƙa nawa kuka ce?" Aka faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce: "A'a, wannan kam ba a kyauta ba." Mai shayi ya ce: "Baba, ba ka ce shiri ne ba?" Ya ce: "To ai wanda ya shirya ɗin nake nufi. Ƙaro min madara."