Gadon Innsmouth: Yadda Ake Zana Mutumin Da Ke Rikiɗa

Jama'a, barkanmu da yamma. Hausawa kan ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma a labarin The Shadow over Innsmouth, wanda marubucin Amurka H. P. Lovecraft ya rubuta a ƙarshen 1931, gadon ne bala'in. A Innsmouth, wani ƙirƙirarren gari na bakin teku, wani kyaftin ɗin jirgin ruwa, Obed Marsh, ya ƙulla yarjejeniya da halittun ƙarƙashin teku har aka kai ga auratayya. Yaran sukan zo duniya kamar kowa. Sai shekaru sun ja jinin ke motsawa: idanu su firfito su daina ƙiftawa, kai ya tsuke, hanci ya baje, kunnuwa su ƙanƙance, gefen wuya ya tattare daidai inda kifi ke numfashi. Ƙarshenta mutum ya faɗa teku.

Kada mu yi wa marubucin kara: ƙyamar cuɗanyar jinsi da ya yi fama da ita tana ƙarƙashin labarin nan.

Littafin ya fito a Amurka a 1936 da zane huɗu na Frank Utpatel, baƙi da fari, kuma kimanin kwafi 200 kaɗai aka ɗinke. Tun lokacin, inda masu zane ke tuntuɓe shi ne gaggawar nuna ƙarshen rikiɗar. Su zuba ɓawon kifi ko'ina, su buɗe baki irin na kwaɗo, sai ga dodon tatsuniya, tsoro ya tafi.

Ku ɗauki Joe Sargent, direban motar hayar da ta kai mai ba da labarin Innsmouth. Ku fara zana fuskar mutum cikakkiya, sannan ku taɓa wuri biyu kacal. Ido: ku ƙara masa girma, ku janye fatar sama, ku bar ɗigon fari guda domin ya yi kamar jiƙaƙƙe. Wuya: layi biyu ko uku kowane gefe, kwalar riga ta rufe rabi. Fatar kuwa da ɗige-ɗige ake yin ta, don takarda mai araha tana shan tawada, layukan da suka matsu sai su haɗe su zama baƙin tabo.

Mafi wuya shi ne wurin da mai ba da labarin ya kalli fuskarsa a madubi, bayan ya gano cewa jinin Marsh na jikinsa ta wajen uwa. A nan ko wuyan kada ku taɓa. Idon kawai, shi ma kaɗan.