Jawabin Maraba ga Shugaban Ƙungiyar Makaɗan Ƙasa ta Ghana a Ziyararsa Unguwar Nima da ke Accra

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai martaba Sarkin Zango, malamai da limamai, iyayenmu maza da mata, da babban baƙonmu, shugaban ƙungiyar makaɗan okestira ta ƙasa. Ranka ya daɗe, a madadin matasan Nima ina yi maka barka da zuwa, kai da 'yan tawagarka. Sannunku da hanya.

Hanyar dai ba ta da tsawo. Daga nan zuwa Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa inda kuke kiɗa, wanda aka buɗe a 1992, ba wata tafiya ba ce a trotro, motarmu ta haya. Amma da zan ce duk wanda ya taɓa shiga ya saurari kiɗanku ya ɗaga hannu, hannayen ba za su yi yawa a rumfar nan ba. Alhali ƙungiyar tamu ce mu duka. Dokta Kwame Nkrumah ya kafa ta a 1959, aka danƙa ta a hannun Philip Gbeho, mutumin da ya tsara kiɗan taken ƙasa da 'ya'yanmu ke rerawa a makaranta.

Kuɗin tikiti na cikin abin da ke hana mu zuwa, wannan ba a musu. Sai dai kunya ta fi shi ƙarfi. A wurinmu in makaɗi ya burge, guɗa ake yi, a miƙe a yi masa liƙi, ya kira sunanka ka ƙara. In jama'a suka yi tsit, to bai yi abin kirki ba. A zaurenku kuwa shirun shi ne girmamawa. Kiɗa ɗaya yakan kasu kashi huɗu, kuma ba a tafi sai an kai ƙarshensa. Baƙo bai san haka ba, ya ji an tsaya ya tafa, sai ya ga an juyo ana kallonsa. Wannan mutumin ba zai sake komawa ba, kuma zai hana maƙwabcinsa zuwa. Magana biyu ta bayani kafin a fara, da Hausa da Twi da Ga, ta isa ta kawar da wannan. In ma ya tafa a tsakiya, ranka ya daɗe, a bar shi, daɗi ya ji.

Ba yau aka fara neman talaka ya shigo ba. Tun 1895 aka soma bikin Proms a Landan, inda mai ƙaramin ƙarfi ke sayen tikiti mai araha ya saurara a tsaye, kuma har yau ana yi. A Venezuela, José Antonio Abreu ya fara koya wa yaran talakawa kayan kiɗa a 1975, daga cikin shirin nan shahararren jagoran makaɗa Gustavo Dudamel ya fito.

Yaranmu ba baƙin tsirkiya ba ne. Sun tashi suna jin goge da garaya, wasunsu gidan maroƙa suka fito. A miƙa musu gogen Turawa su riƙe, a gani.

Roƙonmu shi ne ku kawo wasa ɗaya nan cikin unguwa, a fili, bayan la'asar, a tashi kafin magariba don kada wani ya rasa salla. Kujeru da rumfa da tsaron kayanku duk a wuyanmu.

Ranka ya daɗe, jama'a na sauraronka. Bismillah.