Da Man Suyar Dankali Muka Je Garin 'Yan Baikin

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da hantsi. Mun baro birnin Hambog na Jamus tun da sassafe, yanzu muna kan babbar hanya mai lamba A7, mun miƙi arewa zuwa tsohon garin 'yan Baikin, wato mayaƙa da fataken teku na arewacin Turai na zamanin da. Da waya tana ɗauko ƙamshi, da kun rantse gidan mai ƙosai na kwana. To ba ƙosai ba ne, hayaƙin motar nan ne. Marsandi ce 240D ƙirar 1982, ta maƙwabcina ce, wani tsohon bakanike Bajamushe da nake kira Baba. Ya ce kada in kuskura in haska fuskarsa, sai dai ku ga hannunsa a kan sitiyari. Minti goma da suka wuce ya murɗa wannan ɗan makunnin da kuke gani, ya rufe tankin man gas, ya buɗe tankin baya. Abin da injin ke sha yanzu, man da aka gama suyar dankali da shi ne a wani gidan abinci na unguwarmu.

Na san wani zai ce haɗa hoto na yi. Ni ma ranar farko kallon mai taɓin hankali na yi masa. Amma ku tuna injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na motar fetur. Iska yake zuƙa, fistin ya matse ta fiye da sau 20 har ta yi zafin da ko me ka fesa mata mai maiƙo zai kama da wuta. Matsalar ɗaya ce, kauri. Man girki ya fi man gas kauri wajen sau 10. In ka tura shi da sanyinsa, nozul ba zai fesa shi kamar hazo ba, tsartuwa zai yi. Abin da bai ƙone ba ya daskare a bakin nozul da ringi, wani ya zurara cikin baƙin mai ya mai da shi kamar ƙullu. Shi ya sa tanki biyu. A tashi da man gas, ruwan lagireto ya yi zafi, a bi da bututun man girkin ta jikinsa har ya kai digiri 70 zuwa 80, sannan ya tsinke ya zama kusan ruwa. Baba kan bar man ya kwanta makonni a duro, ya tace shi sau biyu, ya dafa shi ruwan ciki ya fita. Ruwa da gishirin suya su ne ke kashe famfon mai.

Kafin wani ɗan'uwa ya je ya ɗura man ja a sabuwar motarsa ya ce ni na sa shi: wannan tsohon inji ne mai haƙuri, famfonsa na Bosch ne irin na da, wanda ba kwamfuta a jikinsa. Sababbin injina masu matsa mai da ƙarfin gaske ba sa yafe wannan wasan. Kuma a nan Jamus ba kyauta ba ne gaba ɗaya. A da mutane sun yi rububin zuba man rafs, wato wannan shuka mai furanni rawaya da ke cika gonakinsu a watan Mayu, don babu haraji a kansa. Gwamnati ta farga ta ɗora haraji, kasuwar ta mutu, sai 'yan taurin kai irin Baba, wanda har yau yake cika takardar kwastan da hannunsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gyada. A babban bajekolin Faris na 1900, an nuna wani ƙaramin injin Diesel, wato injin gas, da kamfanin Otto na Faransa ya ƙera, yana aiki da man gyada zalla. Shi kansa Rudolf Diesel, wanda ya ƙirƙiro injin, ya ba da labari daga baya cewa injin ya yi aiki lami lafiya har yawancin 'yan kallo ba su lura ba. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, don tana son ƙasashen da ta mallaka a Afirka su riƙa noma mansu maimakon a yi ta jigilar kwal. Shekara 12 bayan bajekolin, jirgin ƙasa ya fara kwasar gyada daga Kano zuwa Ikko. Duk dalar gyadar nan da muke gani a tsofaffin hotuna, ashe injin niƙa zai iya sha. Man ƙasa ne ya zo da arha ya rufe zancen. Shi kuwa Diesel, a watan Satumba na 1913 ya shiga jirgin ruwa daga Antwaf ta Beljiyam zuwa Ingila, gari ya waye babu shi a ɗakinsa.

To, mun iso garin Shileswig a arewacin Jamus. Nan fadar Gottof ce, an mai da ita gidan tarihi, kuma abin da ya kawo ni shi ne wannan baƙin jirgin da ke bayana. Ku dubi tsawonsa, mita 23. A 1863 aka tono shi daga cikin lakar wata fadama mai suna Nidam a kudancin Danmak, kuma katakonsa ya nuna an sare itacen wajen shekara ta 320. Ku lura da yadda aka ɗora kowane falanki a kan leɓen na ƙasansa aka ɗaure da ƙusar ƙarfe. Haka 'yan Baikin suka riƙa ƙera nasu bayan shekara 500. Amma ku nemi inda za a kafa sandar zanen iska, wato zanen da iska ke bugawa ta tura jirgi, babu. Mutum 30 ne ke zama su tuƙa da filafili, da ƙarfin damtse.

Tambayar da kuka fi yi mini ita ce, daga ina 'yan Baikin suka fito? Ba daga ko'ina suka fito ba. A nan suke tun fil azal, manoma da makiyaya da masunta na Danmak da Nowe da Suwidin. Baikin ma ba sunan ƙabila ba ne. Sunan fita ne, kamar ka ce wane ya tafi fatauci, ko wane ya tafi hari. Wanda ya zauna gida yana kiwon shanunsa ba a kiransa da shi. Masana harshe sun rabu kan tushen kalmar: wasu sun ce daga sunan lungun teku ne, wasu sun ce daga yankin Biken da ke kusa da Oslo, wasu kuma sun ce daga karɓa-karɓar da matuƙa ke yi in sun gaji. Hular nan mai ƙaho kuwa, ku manta da ita. Masu ɗinka kayan wasan kwaikwayo na ƙarni na 19 ne suka ƙaƙaba musu.

Abin da ya canza shi ne abin da ke tura jirgin. Tsakanin ƙarni na 7 da na 8 suka ɗauki zanen iska suka ɗora wa wannan gangar jiki da suka gada. Da gashin tumaki ake saƙa shi, aikin mata ne na watanni da watanni, sannan a shafe shi da kitse don kada iska ta wuce ta cikinsa. Da na gaya wa Baba haka, dariya ya yi ya ce ashe su ma da maiƙo suke tafiya. Wanda a da sai ya bi gaɓa yana kwana a hanya, yanzu yana iya tsallaka teku daga Nowe zuwa Ingila cikin 'yan kwanaki. A littattafan makaranta ana fara lissafin zamanin 'yan Baikin ne daga 793, shekarar da suka afka wa gidan ibadar Kirista na tsibirin Lindisfan a Ingila. Amma a Salme, a ƙasar Istoniya, an tono jirage biyu da gawar maza 41 a ciki, da takubbansu, waɗanda suka mutu wajen shekara ta 750. Binciken haƙoransu ya nuna daga tsakiyar Suwidin suka taso. Kenan tun kafin Ingila ta ji a jikinta, sun daɗe suna fita, gabas suka fara dosa.

Me suke nema? Azurfa. Sarakuna na ta haɗiye ƙananan masarautu, duk mai son mabiya sai ya samu abin rabo. Wasu masana ma sun ce samari ne ke neman abin biyan kuɗin aure. Wannan kam na fahimta, duk wanda ya taɓa haɗa lefe ya san abin da zai iya sa mutum ya tsallaka teku.

Ga mu a Hedebi, Jamusawa na cewa Haitabu, tsallaken ruwa kaɗan daga inda muka baro. Wannan tudun da nake tsaye a kai ganuwa ce, tsawonta ya haura kilomita ɗaya, ta yi rabin da'ira ta rungumi bakin ruwa. Yau ciyawa ce da tumaki da wasu gidaje 7 da aka sake ginawa da itace da laka da jinka. A 808 Sarki Godfred na Danmak ya rusa wata kasuwa mai suna Rerik, ya kwaso 'yan kasuwarta ya zaunar da su a nan. Dabarar ita ce wurin: ta nan ruwa na kai ka tekun gabas, in ka yi tafiyar ƙasa da kilomita 20 a tudu kuma ka faɗa kogin da zai kai ka tekun yamma. Fatu, ƙarfe, tsakiya, da bayi. Bayi fa, kada a ɓoye, babban kaya ne a kasuwar nan.

A cikin gidan tarihin na tsaya a gaban wani gilashi na kasa motsi. 'Yan tsabar azurfa ne, wasu an datsa su biyu, da rubutun Larabci a jiki. Dirhami ne. Ta kogunan Rasha 'yan Baikin suke gangarawa su sayar da fatu da mutane, su dawo da kuɗin Bagadaza da Samarkand. Ba karatu suke ba, awo suke, shi ya sa ake yanka tsabar a ɗora a ma'auni. A tsibirin Gotlan na Suwidin an tono tarin azurfa mai nauyin kilo 67 a 1999, da tsaba fiye da 14,000, kusan duka na ƙasashen Musulmi. Ka yi tunanin manomin da ke bauta wa gunkinsu Tor ya binne kalmar shahada a ƙarƙashin ɗakinsa bai sani ba.

Wajen 965 wani matafiyi daga Andalus, Ibrahim bin Yaƙub al-Turtushi, ya zo garin nan. Ya ce babban abincinsu kifi ne, mace na iya sakin mijinta in ta ga dama, maza da mata suna sa kwalli, kuma bai taɓa jin waƙa mai muni irin tasu ba, gurnani ne da ya fi na kare. Na karanta wa Baba wannan a bakin ganuwa. Ya ce mutumin bai yi ƙarya ba, in zo filin ƙwallon Hambog ranar Asabar in ji da kunnena. A 1066 aka ƙone garin, waɗanda suka saura suka ƙaura tsallake suka raya Shileswig.

Yanzu magariba ta kawo jiki, saura kilomita 5 mu shiga unguwa. Kun ga ya sake murɗa makunnin, ya koma man gas don ya wanke bututu da famfo. Ya ce akwai daren da ya manta a cikin hunturu, da safe man ya kama kamar man shanu, sai da ya kwana biyu yana hura wa injin iska mai zafi da abin busar da gashin matarsa. Ƙamshin ƙosan ma ya fara gushewa. Bari in kashe waya in taya shi sauke jarkoki, akwai huɗu da ke jiran tacewa.