Littafin kyauta ne, to kuɗin me ake ba malamin?

Ku leƙa shagon fotokwafi a Tudun Wadan Gombe ana saura mako biyu jarrabawa. Za ku tarar da ɗalibai sun yi karo-karo don a kwafe musu babi uku daga littafi ɗaya tilo da wani ya aro. Na asalin daga waje aka bugo shi, da dala ake masa kuɗi.

To akwai littattafan da dama don a kwafa aka yi su. Ana ce musu buɗaɗɗun kayan karatu, OER a taƙaice, sunan da aka raɗa musu a wani taron UNESCO a Paris a 2002. Abin da ya raba su da littafin sata da ake turawa a WhatsApp shi ne izini. Marubucin ya riga ya rubuta cewa ya yarda, galibi da lasisin Creative Commons: ka sauke, ka buga, ka gyara, ka fassara, in dai za ka ambaci sunansa. Wasu sukan ƙara da cewa ban da sayarwa. Tun 2012 OpenStax ta Jami'ar Rice da ke Amurka take fitar da irinsu, na fizis, bayoloji, tattalin arziki da sauransu.

Sai ga shi kuma ana ba malamai tallafin kuɗi don su koyar da su. Kuɗin me?

Kuɗin wahala ne. A ɗauki malama mai koyar da tattalin arziki a jami'ar Kashere. Ta sauke littafin ba ta biya ko sisi ba, amma da ta buɗe, misalan duk na kasuwar Amurka ne. Ɗalibinta kuwa abin da ya sani shi ne yadda buhun masara ke faɗuwa a Tudun Hatsi da kaka, ya hau da damina. Dole ta zauna ta sauya misalan, ta kawo shinkafar rani ta Dadin Kowa, ta kawo simintin Ashaka. Ta daidaita babi-babi da manhajar NUC, hukumar kula da jami'o'in Najeriya, ta sake tambayoyin gwaji, ta rage nauyin fayil ɗin yadda zai buɗe a ƙaramar waya ba tare da ya cinye data ba. Duk wannan ga aji cike, ga takardun maki jibge a tebur. Kuma mu faɗi gaskiya, inda ake sayar da handawut, malamin da ya koma littafin kyauta ya rufe wa kansa wata ƙofar samu ne.

Shi ya sa a 2011 Jami'ar Massachusetts da ke Amherst a Amurka ta fara ba malami dala 1,000 in ya ajiye littafi mai tsada. Jihar Jojiya ta buɗe nata tsarin a 2014, sannan a 2018 majalisar dokokin Amurka ta ware dala miliyan 5 don wannan aiki. Yawanci kason hawa-hawa ne: wanda ya ɗauki littafin yadda yake, nasa kaɗan ne, wanda ya gyara ya fi shi, wanda ya rubuta sabo fil shi ke da mai tsoka. Sharaɗin kuwa, abin da ka yi za ka sake shi a buɗe, kowa ya ɗauka.

Lissafin ba wuya. A ƙaddara littafi naira 10,000 ne, ɗalibai 300 a aji. Naira miliyan 3 ke nan daga aljihun iyaye, kuma baɗi ma haka. Malami kuwa sau ɗaya za a biya shi.

A nan gida fa? Akwai TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, wadda dokar 2011 ta kafa, da harajin da kamfanoni ke biya. Cikin ayyukanta har da ɗaukar nauyin mayar da rubuce-rubucen malamai littafi. A 2019 kuma ƙasashen UNESCO suka amince da shawarar cewa kayan karatun da aka yi da kuɗin jama'a a riƙa sakinsu a buɗe. Ni a ganina nan ne ya kamata a haɗa biyun. Littafin da aka buga da kuɗin gwamnati, aka jera kwafi kaɗan a laburare, bai kai wanda ɗalibar Azare za ta buɗe a wayarta ba.

Malam, in za ka nemi irin wannan tallafi, je da lissafinka a hannu: sunan kwas, yawan ɗalibai, farashin littafin da suke saye yanzu, da wanda zai maye gurbinsa. Kafin ka taɓa ko shafi ɗaya, duba lasisin. In ka ga haruffan ND a jiki, an yarda ka raba shi yadda yake, amma ba a yarda ka gyara ka raba ba, ko da fassara ce zuwa Hausa.