Turaren Sarauniya: Abin da Dofamin ke Yi a Kan Ƙudan Zuma

Jama'a, ku dubi amyar nan da aka rataye a reshen gawo, kamar waɗanda ake gani a hanyar Madarumfa. Dubban ƙudan zuma ne a ciki, kusan dukkansu mata ƴan aiki, uwa ɗaya ce ta haife su, wato sarauniya. Ba ta da dogari, ba ta da bulala. To da me take riƙe da gidan?

Ƙwaƙwalwar ƙudan zuma ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, amma ƙwayoyin jijiya kusan miliyan 1 ne a cikinta. Cikin sinadaran da suke aika wa juna saƙo da su akwai dofamin, wanda mu ma muke da shi a ka. Jiki ne ke haɗa shi daga wani sinadarin abinci mai suna tayirosin. In ya fito, ƙofofi iri 3 ke karɓarsa: biyu suna zaburar da ƙwayar jijiya, ta uku aikinta daban ne, takan ja linzami.

A intanet za ku ji ana ce masa sinadarin jin daɗi. Wannan suna bai yi wa zuma adalci ba. A shekarar 2007, masu bincike a Tulus ta Faransa suka riƙa shaƙa wa ƙudan zuma wani ƙamshi, nan take su sa mata ɗan lantarki. Ba da jimawa ba, da ta ji ƙamshin sai ta zaro ƙarinta. Da suka toshe ƙofofin dofamin da magani, darasin ya ƙi zama. Shi kuwa koyon ƙamshin da ke kai ta ga zaƙi, wani sinadarin saƙon mai suna oktofamin ne ke kan gaba wajensa. Zuma ga zaƙi ga harbi, ashe kowanne da hanyarsa a ka.

Mu koma ga sarauniya. Kusa da muƙamuƙinta akwai wurin da wani turare ke fita. Ƙananan ƴaƴanta suna kewaye ta, suna lasarta, suna ba ta abinci, sai turaren ya bi baki da baki ya game amya. A cikinsa akwai wani sinadari da masana ke kira HVA a taƙaice, wanda zubinsa ya yi kama da na dofamin sosai. Farfesa Alison Mercer da abokan aikinta na Jami'ar Otago a Niyuzilan sun nuna, su ma a 2007, cewa turaren yana rage dofamin a kan ƙananan ƴan aiki, yana sauya yadda ƙofofin ke amsawa, har kai-komonsu ya ragu. Abin da ya fi ba ni mamaki: waɗannan ƙananan sun kasa koyon darasin nan na lantarki, alhali darasin zaƙi suna ɗauka lafiya lau. Masu binciken suna ganin hikimar ita ce kada masu renon uwa su tsani warinta su gudu su bar ta. In sun yi kamar mako 3 suka fara fita kiwo, turaren ya sake su, don a daji wadda ba ta gane hatsari ba ba za ta dawo ba.

Ranar da sarauniya ta mutu kuma aka kasa renon wata, dofamin sai ya hau a kan wasu ƴan aikin, mahaifarsu ta farka, su shiga zuba ƙwai. Da yake ba su taɓa barbara ba, maza kaɗai ke fitowa, maza kuwa ba sa kiwo. Mai amya in ya ga ƙwai biyu uku a rami ɗaya na saƙa, ya san gida ya kama hanyar mutuwa.

Amma kada ku ce dofamin na tsoro ne kaɗai. A 2022 masana daga Fujiyan ta ƙasar Sin tare da masanin ƙudan zuma Martin Giurfa suka auna shi a kan masu kiwo. Yana hawa lokacin da za ta bar amya zuwa inda ta san akwai abinci, ya sauka in ta samu, ya sake hawa da ta fara rawar da take kwatanta wa ƴan uwanta inda abinci yake, wadda masani Karl von Frisch ya fassara har ya sami kyautar Nobel a 1973. Kwaɗayi ke nan, kafin a kai ga daɗin.

Akwai kuma mai kashe kwaɗayin. Wadda rina ta kai wa hari a kan fure, in ta dawo ta tarar da ƴar uwarta tana rawar kwatancen wurin, sai ta tunkuye ta da ka tana wani ɗan gurnani. Wani bincike na 2023 ya gano cewa wannan tunkuyin yana saukar da dofamin a kan mai rawar, ita kuwa mai rawa takan tsaya cak, kira zuwa wurin ya ragu.