Yadda Ake Gano Kabarin Kakanni a Merthyr Tydfil

Assalamu alaikum jama'a. Yau ina tsaye a maƙabartar Cefn Coed, a arewacin garin Merthyr Tydfil da ke kudancin Wales. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, kan tudu muke. Wannan gari shi ne mafi yawan jama'a a Wales a tsakiyar ƙarni na 19, albarkacin masana'antun narka ƙarfe irin su Cyfarthfa da Dowlais. Shi ya sa har yau jikokin ma'aikatan ke zuwa daga Amurka da Ostireliya neman inda aka binne kakanninsu.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne takardar shaidar mutuwa. An fara rajistar mutuwa ta gwamnati a Ingila da Wales a watan Yuli na 1837, amma takardar ba ta faɗin inda aka yi binne. Abin da za ta ba ka shi ne ranar rasuwa, wurin da aka rasu, shekaru, sana'a, da sunan wanda ya kai rahoto. Rana da unguwa su za ka riƙe gam. Ka nemo sunan mamacin a shafin FreeBMD, mai ɗauke da jerin sunayen da aka yi wa rajista, kyauta ne, sannan ka sayi takardar daga GRO, wato babban ofishin rajista na gwamnati.

Suna kaɗai ba ya kai ka ko'ina a nan. Neman John Jones ko Mary Davies a Merthyr kamar neman Muhammadu ne a kasuwar Kurmi. Sai ka haɗa da ƙidayar jama'a, daga ta 1841 zuwa ta 1921, ka tabbatar titi da sana'a da sunan mata sun zo daidai.

To ina aka kai gawar? Ya danganta da zamani da kuma ɗariƙa. Kafin shekarun 1850, yawanci harabar cocin gunduma ce, kamar ta St Tydfil, ko harabar ƙananan majami'un da ba sa bin cocin gwamnati, waɗanda mafi yawan ma'aikata ke zuwa. Littattafan waɗannan majami'u ne ciwon kai, don da yawa an rufe su, wasu an rushe, takardun kuma sun warwatse. A fara da ma'ajiyar tarihi ta Glamorgan da ke Cardiff, sannan babban ɗakin karatu na ƙasa a Aberystwyth. Bayan da harabobin suka cika, cutar kwalara ta 1849 ma ta taimaka wajen cika su, sai binne ya koma manyan maƙabartu irin wannan da ta Pant. Rajistarsu tana hannun ƙaramar hukuma. Ka tura musu cikakken suna da ranar rasuwa, ka roƙi sashe da lambar kabari, da sunayen duk waɗanda ke cikinsa, domin kabari ɗaya kan ɗauki mutum uku ko huɗu.

Ga wani tarko: kafin 1974, Cefn Coed tana ƙarƙashin gundumar Brecon ne, ba Glamorgan ba. Mai neman takardun cocin wannan yanki a kundin Glamorgan kaɗai zai sha wahalar banza.

Shafin Welsh Newspapers Online, na tsofaffin jaridun Wales, kyauta ne, jaridunsa sun kai har 1919, kuma labarin jana'iza kan ambaci maƙabarta, musamman in hatsarin aiki ne ya yi ajalin mutum.

Ku duba nan, ciyawa ce zalla babu dutse. Talakawa da yawa a kabarin haɗaka aka sa su. Ka zagaya bayan duwatsun da ke kusa, sau da yawa lambar kabarin na sassaƙe a ƙasa, sai ka ƙirga zuwa naka. In rubutun da yaren Wales ne, "Er cof am" na gabatar da suna, "bu farw" ranar rasuwa, "oed" kuma shekaru. In ya goge, haska tocila daga gefe. Kada a goga alli ko burushin ƙarfe, kuma kada a jingina da dutsen da ya karkace, yana iya faɗowa kan mutum.