Babur Ɗinka na Farko: Ka Iya Tafiya a Hankali Kafin Ka Nemi Gudu

An kwafo wannan rubutu daga faifan wata lacca da aka gabatar wa masu shirin fara koyon tuƙin babur. An ɗan daidaita wasu jimloli don sauƙin karatu.

Assalamu alaikum. Jama'a barkanmu da warhaka. Na baya, in murya ba ta isa gare ku ku ɗaga hannu. To madalla.

Duk wanda ya taɓa koya wa wani babur zai gaya muku cewa faɗuwar ɗan koyo ta farko yawanci a tafiyar da ba ta fi ta mai tafiya a ƙasa ba ake yin ta. Ko wajen tashi, ko wajen juyawa, ko wajen tsayawa. Gudu ba shi da wuya, yaro ma in ka ɗora shi ya murɗa totur babur zai tafi, domin in taya tana juyawa da sauri babur da kansa yake riƙe kansa. Wuyar tana wajen tafiya a hankali, inda nauyin babur duka yake dawowa hannunka. Shi ya sa rabin maganarmu ta yau za ta ƙare ne a kan kuloci da birki.

Amma bari mu fara da babur ɗin kansa. Ɗan koyo ya nemi ƙarami, mai inji tsakanin cc 100 zuwa 150. Irin waɗannan nauyinsu bai cika wuce kilo 100 zuwa 130 ba, in ya karkace za ka iya tare shi da ƙafa. Ka hau ka zauna, ka ga ko ƙafafunka biyu suna taɓa ƙasa ba tare da ka yi ɗage ba. In sai ka zame gefe ɗaya kafin ka taka ƙasa, wannan babur ya fi ƙarfinka a yanzu.

Abubuwa biyar ne za ka sarrafa da gaɓoɓi huɗu. Hannun dama yana da aiki biyu: totur da birkin gaba. Hannun hagu kuloci. Ƙafar hagu giya. Ƙafar dama birkin baya. Ranar farko kada ma ka tayar da inji tukuna. Ka zauna a kai, wani ya riƙa kiran suna kana taɓawa: kuloci, birkin baya, sigina, oda, jan maɓallin kashe inji. Sai ka kai ga taɓa kowanne ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Daga nan ka sauka ka tura babur da hannu kana tafiya a gefensa na hagu, yatsu biyu a kan birkin gaba, kana ɗan matsawa kana saki. Mutane suna raina wannan, alhali a nan ne hannu yake fara gane yadda birkin yake kamawa.

Tsarin giya kuma ku tambaya kafin ku hau, domin ba iri ɗaya ba ne. A mafi yawan babura, giya ta ɗaya ƙasa ake takawa, firi, wato inda babur ba ya kan kowace giya, yana tsakanin ta ɗaya da ta biyu, sauran kuma sama ake ɗagawa da yatsun ƙafa. Wasu ƙananan babura kuwa duka ƙasa ake takawa. Wanda ya saba da wannan ya hau wancan, yana nufin ƙara giya sai ya rage.

To yanzu mu zo kan kuloci, kuma a nan zan daɗe.

Kuloci shi ne yake haɗa inji da tayar baya, ya kuma raba su. In ka matse shi duka, inji yana kuka amma ƙarfinsa ba ya zuwa taya. In ka sake shi duka, sun haɗe. A tsakanin nan akwai wani ɗan wuri, faɗinsa bai fi santimita ɗaya zuwa biyu na tafiyar hannun kulocin ba, inda faifan ciki suke fara gogar juna, ƙarfi ya fara shiga kaɗan-kaɗan. Wannan wurin shi ne makarantar gaba ɗaya.

Ga yadda ake nemansa. Ka samu fili shimfiɗaɗɗe, ba mota, ba yara. Ka tabbatar babur yana firi, koren fitila ta kama, ka tayar. Ka matse kuloci, ka taka giya ɗaya, za ka ji ƙas, babur ya ɗan motsa. Ƙafafu biyu a ƙasa. Kada ka taɓa totur. Ka fara buɗe yatsun hagu a hankali, kamar mai tsiyaya ruwa a bakin kwalba. Za ka ji kukan inji ya ɗan yi ƙasa, babur ya fara ja gaba. Tsaya nan, ka sake matsewa. Ka maimaita sau ashirin, sau talatin, babur yana gaba kaɗan kana mayar da shi da dugaduganka. Sai kuma ka bar shi ya tafi da kai, kana takawa da ƙafa kamar agwagwa, har ƙarshen fili. Bayan wannan ne za ka ƙara ɗan totur ka ɗora ƙafa.

Matsala biyu ake samu a nan. Ta farko inji ya mutu. Dalili shi ne ka saki kuloci gaba ɗaya alhali inji bai da ƙarfin jan nauyinka daga tsaye, sai taya ta riƙe inji. Maganinsa, in babur ya fara tafiya ka riƙe hannunka a wurin nan na daƙiƙa biyu ko uku kafin ka ƙarasa saki. Ta biyu ita ce mai haɗari: babur ya fizga, jikinka ya koma baya, hannunka da yake riƙe da totur ya ƙara murɗa shi ba da saninka ba, babur ya ƙara fizga. Haka ake shiga katanga. Asalin wannan riƙo ne. In ka ɗora hannu wuyan hannunka yana sama a tanƙware, ja baya kaɗan zai buɗe totur. Ka riƙe wuyan hannu a miƙe, daidai da damtse, ka matse tankin mai da gwiwoyi domin kada hannu ya zama shi ke ɗauke da jikinka. Kuma ku riƙe wannan da kyau: duk lokacin da abu ya rikice, matse kuloci. Inji ya yi ta ihu, ba komai, ƙarfinsa ba ya zuwa ƙasa.

Canza giya ba ya buƙatar dogon bayani. Rufe totur, matse kuloci, ɗaga giya, saki kuloci a hankali, buɗe totur. Wajen ragewa a riƙa saukowa ɗaya bayan ɗaya. Wanda yake gudu a giya huɗu ya faɗa ta biyu ya saki kuloci farat ɗaya, tayar baya za ta iya cijewa ta ja ƙasa.

Birki. Akwai maganar da take yawo cewa birkin gaba kayar da mutum yake yi, don haka a bar shi. Wannan magana ta jefa mutane da yawa a ƙarƙashin mota. In ka taka birki, nauyin babur da naka yana komawa gaba, tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya ta yi sakayau. Don haka kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin tsayawa daga gaba yake zuwa. Mai dogaro da birkin baya kaɗai, ran da ya buƙaci tsayawa da gaggawa tayar baya za ta cije ta yi ta sulɓewa, shi kuwa bai tsaya ba.

Abin da yake kayar da mutum shi ne cafka. In ka cafki birkin gaba lokaci guda, taya tana cijewa kafin nauyi ya iso kanta, sai ta zame. Matsawa ake yi mataki biyu: ka fara da sauƙi, ka ji gaban babur ya ɗan duƙa, sannan ka ƙara ƙarfi. Duka wannan cikin ƙiftawar ido ne, amma a jere. Birki biyun tare, babur a miƙe, ido a gaba. Dab da tsayawa ka matse kuloci, ka sauko giya ɗaya, ƙafar hagu ta fara sauka domin ta dama tana kan birki. Ka gwada wannan a fili daga gudun kilomita 20 a awa, sannan 30, kana sa alama da dutse kana ganin inda kake tsayawa. In babur ɗinka yana da ABS, wato na'urar da ke sassauta birki da kanta in taya za ta cije, ya rage maka haɗarin cijewar taya, amma bai ɗauke maka wannan atisaye ba.

Wuri guda ne birkin gaba yake zama abokin gaba: kana tafiya a hankali kuma kan babur yana juye. Ka taɓa shi a nan, babur zai faɗi ta gefen da ka juya kafin ka ankara. A irin wannan tafiya birkin baya ake amfani da shi.

Ku ɗan yi lissafi da ni. Mai gudun kilomita 40 a awa yana cin kusan mita 11 a kowace daƙiƙa. Mai 80 yana cin mita 22. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke, hannu ya kai ga birki, daƙiƙa guda ta tafi, wani lokaci fiye. Sannan nisan da birki yake buƙata, in gudu ya ninka sau biyu, shi sau huɗu yake ninkawa. Saboda haka a bar tazarar aƙalla daƙiƙa biyu tsakaninka da na gabanka, in ana ruwa a mai da ita huɗu. Ka lura da wani turke da motar gaba ta wuce, ka ƙirga, ka ga ko ka iso kafin ka gama.

Sai juyawa. Babur inda ido ya kalla can yake zuwa. Ka zuba wa rami ido kana tsoronsa, cikinsa za ka faɗa. Ka kalli hanyar da ke gefen ramin. A juyin wuri mai ƙunci, ka juya kai gaba ɗaya, haɓa ta nufi inda kake son fita, kuloci a wurin nan da muka nema, totur kaɗan a tsaye ba ƙari ba ragi, ƙafa tana ɗan danne birkin baya. Ka jera gwangwani biyar ko shida, tazarar taku shida tsakaninsu, ka riƙa ratsawa. In ka iya, ka matso da su. Sannan ka zana da'ira biyu manne da juna ka riƙa zagayawa hagu da dama. Kusan kowa akwai gefen da ya fi yi masa wuya, to wannan gefen za ka fi yi.

In gudu ya haura kamar kilomita 20 a awa, abin yana canzawa, kuma wannan yana ba mutane mamaki. Kana son zuwa dama, hannun dama za ka ɗan tura gaba. Tayar gaba ta ɗan kauce hagu, babur ya kwanta dama, ya shiga kwana. Duk mai tuƙa keke yana yin haka bai sani ba. Amfanin saninsa shi ne ran da abu ya faɗo maka a hanya, turi ɗaya mai ƙarfi zai kauce da kai. A kwana kuma a gama rage gudu tun kafin a shiga, a kalli mafita, a riƙe totur kaɗan har a fita.

Ƙasa ma a karanta ta. Yashi, tsakuwa, man da ya zuba, fentin layin titi, murfin ƙarfe, duk santsi gare su. Farkon saukar ruwa ya fi tsakiyarsa haɗari, domin yana taso da mai da ƙurar da suka kwanta a kwalta. In ba makawa sai ka bi ta kan irin wannan, ka bi a miƙe, ba birki mai ƙarfi, ba murɗa totur.

Hular kwano ba sai na yi wa'azi ba. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa sun nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40, mummunan raunin kai kuma da kusan kashi 70. Amma sai an ɗaure igiyar, yadda yatsa biyu kawai za su shiga ƙarƙashin haɓa. Wadda ba a ɗaure ba tana riga kai isa ƙasa. Wadda ta taɓa buguwa da ƙarfi a canza ta ko da ba a ga tsaga ba, domin soson cikin ya riga ya matse. A sa safar hannu, tunda tafin hannu ne yake fara taɓa ƙasa, da takalmi mai rufe idon sawu. Tufa mai jan ƙasa a tattare ta, sarƙa da wayoyin tayar baya suna kamawa. Salansa kuma tana ƙuna ko bayan an kashe inji.

Kafin fita, minti biyu sun isa. Iskar taya a auna da geji tun tana sanyi, adadin yana rubuce a jikin babur ko a littafinsa. Sarƙa ka ɗaga ta da yatsa a tsakiya, yawanci wasan santimita 2 zuwa 3 ake so. In ta yi sako-sako tana iya zamewa, in ta yi tauri tana cin haƙora. Baƙin mai a duba babur yana tsaye a miƙe. Fitila, sigina, birki biyu. Sannan a ɗage jak, don wanda ya manta da shi kwanar hagu ta farko za ta tuna masa.

A titi ka ɗauka ba a ganinka. Kada ka zauna a gefen babbar mota. In ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. A mahaɗa ka kalli tayar gaban motar da ke jira, ita take fara nuna za ta motsa. Sigina kuma a yawancin babura ba ta kashe kanta.

Na ga hannu a can. Na'am, Malam?

Yana tambaya ne a kan tashi a kan hawa, babur yana komawa baya. Ka riƙe shi da birkin baya, ƙafar hagu a ƙasa, domin hannun dama ya samu sakewa ya yi aikin totur. Ka ba shi totur fiye da na shimfiɗaɗɗen wuri kaɗan, ka kawo kuloci wurin kamawa. Za ka ji bayan babur ya ɗan duƙa yana son tafiya. A lokacin ne za ka ɗage ƙafa daga birki a hankali. In ya mutu, ka danne birki, ka matse kuloci, ka sake tayarwa, na bayanka su yi ta oda.

Hajiya, ke kuma goyo kika tambaya. A bari sai tsayawa da juyi a hankali sun zauna a hannu ba tare da tunani ba, wannan kuwa watanni ne, ba kwanaki ba. Mutum na biyu yana ƙara nisan birki, yana sa gaba ta yi sakayau. In lokacin ya yi, mai tuƙi ya fara hawa, ya kafa ƙafafu biyu, ya riƙe birkin gaba, sannan na baya ya hau ta hagu. Ƙafafunsa su zauna a matakinsu ko an tsaya, kuma a kwana ya riƙa leƙawa ta kafaɗar mai tuƙi ta gefen da ake juyawa.